Ƙusa ta Huɗu a Soron Jatau

Ranar Talata ce cikin damina, la'asar ta yi sakaliya. An yi ruwa da hantsi an ɗauke, unguwa ta yi tsit, sai ƙarar turmi daga wani gida can nesa. A gidan Alhaji Yahouza da ke tsohon garin Djougou, Goggo Tsahara, ƙanwar mahaifinsa, tana zaune bakin murhu tana feren doya. Ɗiyarsa Ramlatou tana ninke wanki. Shi kuwa maigidan yana tsaye tsakar gida, hannu a ƙugu, ya ɗaga kai yana hararar faifan farabol ɗinsa mai kamo tashoshin tele kamar faifan ya zage shi.

Wata biyu ke nan tele ta ƙi zama lafiya. Maƙwabcinsu na gabas ya ɗora bene, benen ya tare wa faifan sama, sai hoto ya riƙa yankewa, mai karanta labarai ya buɗe baki ya daskare a haka. Alhaji Yahouza kuma ba ya kiran mai gyara. Shi ya ja wayar wutar gidansa, shi ke kwance injin babur ɗinsa, in ka kawo masa shawara ya ce ai ya riga ka tunaninta. Mutumin kirki ne, wallahi, amma taurin kansa ya isa a ba da labari. Tun rasuwar matarsa shekara shida da suka wuce, mutum ɗaya ke iya juya shi, ita ce Ramlatou. Ita ke nan gare shi a duniya, shekararta goma sha tara.

Ya auna ya auna, wuri ɗaya ya rage a gidan da ke kallon gabas ba abin da ya tare shi. Soron ɗakin Jatau ne.

Kakannin Alhaji fataken goro ne, gidan kuma masauki ne na ayarin da ke fitowa daga Gwanja. An ce a cikin wani ayari akwai baƙon da ya sauka wanda ba mutum ba ne. Maigidan wancan zamani ya gane shi, bai kuwa kore shi ba, domin a gidan masauki ba a korar baƙo, kuma duk abin da ya sami baƙo a ƙarƙashin rufinka, kai za ka amsa. Ya ba shi ɗakin ƙasa na ƙurya, suka laƙaba masa Jatau, aka yi sharaɗi biyu. Ba a shiga sai da sallama, ba a kuma shigar da ƙarfe. Ko ƙofar ɗakin asabari ce. Duk Juma'a Goggo Tsahara kan tuɓe 'yan kunnenta da warwaronta ta ajiye a waje, sannan ta shiga ta share. Shekara aru-aru ana zaune haka, ko cokali bai taɓa motsawa a gidan ba.

Goggo ta ga ya ciccibo tsani.

"Yahouza, ina za ka da wannan?"

"Sama zan hau, Goggo."

"Saman wane ɗaki?"

Ya jingina tsanin a bangon ɗakin ƙurya. Ta ajiye wuƙar.

"Kada ka fara, ɗan nan. Ka san abin da ubanka ya bar mana."

"Cewa aka yi ba a shiga da ƙarfe. Ni ba shiga zan yi ba. Kan ɗaki daban, cikin ɗaki daban."

Ka ji wayon ɗan kasuwa! Har ya je bakin asabarin ya yi sallama sau uku kamar yadda aka saba, da bai ji komai ba ya ce to, an yarda ke nan. Ya kwance faifan daga inda yake, ya hau da shi, da sandarsa ta ƙarfe, da guduma da sifana. Gindin sandar rami huɗu gare shi, soron ƙasa kuma sai doguwar ƙusa ke kama shi, don haka ya zo da huɗu, kowace ta fi taƙi. Abin da bai yi ba shi ne auna kaurin soron, wanda ruwan damina ya yi shekaru yana zaftarewa. Ƙusa uku suka sami azara suka kama. Ta huɗu, bugu ɗaya ya yi mata ta nutse har wuya, kamar cikin kabewa. Daga ƙarƙashin ƙafarsa wani nishi ya taso, gajere, mai nauyi. Ya tsaya da guduma a hannu ya saurara, sannan ya ce a ransa azara ce ta motsa.

Saita farabol aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana sama yana juya faifai, ɗaya yana gaban tele yana kallon layin ƙarfin sigina yana faɗa. Ramlatou ta buɗe tagar falo ta zauna. Alhaji ya sassauta noti, ya fuskantar da faifan gabas, ya fara turawa kaɗan-kaɗan, yana tsayawa bayan kowane motsi don dekodar ta kama.

"Ba komai, Baba. Ƙara. Yauwa, talatin! Doucement, Baba, ka wuce, koma baya. Arba'in da biyar. Ɗaga shi sama kaɗan. Sittin!"

Rana ta gangara bayan mangwaro, hasken ya yi ja. Tsuntsayen da suka saba hayaniya a wannan lokaci ko ɗaya bai yi kuka ba, Alhaji bai lura ba, hankalinsa yana kan noti.

"Ƙara, Baba. Ƙara. Ja baya da shi. Ƙara ja."

Yana ja da baya, hannu a gefen faifai, taki ɗaya, taki biyu. Muryar ɗiyarsa ce, amma ba ta faɗin lamba yanzu, kuma kamar ba daga tagar take fitowa ba, kamar daga ƙasan soron.

"Yahouza! Bayanka!"

Ihun Goggo ne daga tsakar gida. Ya waiwaya, dugadugansa biyu suna bakin soro, ƙasa tana zubewa a ƙarƙashinsu. Ya faɗi gaba ya rungume sandar. A daidai nan ladan ya ɗaga murya, dutse na farko kuma ya faɗo tsakiyar gida ya fasa tukunyar doya. Jan dutsen marmara ne, ya kai girman kan ɗan akuya, yana hayaƙi. Na biyu ya huda kwanon rufin kicin. Na uku ya sami Goggo a kafaɗa ya zaunar da ita.

Alhaji ya duro, ya faɗa falo a guje. Hoto ya fito tar a tele, ba ko ɗigo. Ramlatou tana durƙushe a ƙasa, idonta na hagu yana zubar da ruwa, na dama a bushe. Ta ɗago ta dube shi, kallon da ba ta taɓa yi masa ba tun haihuwarta. Sai ta kai yatsu uku ga idon nan na hagu ta danna su ciki.

Ya faɗa mata ya kama hannun. Yarinyar da tulun ruwa ke ba wuya ta ɗaga shi ɗungurungum ta maka da bango, haƙorinsa ɗaya ya fita. Ya taso ya sake kamawa, yana ihu, yana kiran maƙwabta. Sai da ƙarti biyar suka danne ta kafin a ɗaure hannuwanta ta baya da igiyar guga. Farce ya riga ya tsaga fatar idon, jini yana bin kuncinta, amma ƙwayar tana nan.

Kwana uku gidan ya yi a haka. Da safe takan yi shiru, ido buɗe, ba ci ba sha, in an ɗura mata ruwa ta feso. La'asar na yin sakaliya duwatsu su fara sauka, ita kuma ta fara fizga, tana neman gefen gado, ko ƙafar kujera, ko gwiwarta, duk abin da za ta buga idon nan a kai. Igiya ta ci wuyan hannunta har fari ya fito. Washegarin Talata Alhaji ya ɗauki tsani zai je ya cire ƙarfen, bai taka matakala uku ba tsanin ya tashi da shi ya kife, dutse ya biyo ya fasa masa goshi. Wani malamin unguwa ya zo ya yi tofi, ta kama yatsansa da haƙori sai da aka sa muciya aka ɓanɓare bakin. Alhaji, mutumin da ba a taɓa ganin hawayensa ba ko ranar jana'izar matarsa, ya zauna a ƙofar falo yana kuka kamar yaro, yana cewa shi ya jawo. Tausayi ya hana kowa ce masa e.

Ranar Juma'a aka tura mota Parakou, unguwar Zongo, aka ɗauko Malam Iliassou. Dattijo ne siriri, asalinsa mutumin Nijar, ba ya ɗaga murya, ba ya kuma yawo da jakar magani. Ya iso bayan la'asar, ya tsaya tsakar gida ya dubi tulin duwatsu, ya ɗaga kai ya dubi faifan da ke tsaye kan soron ƙasa. Goggo ta ba shi labarin ɗakin tun daga farko. Ya yi alwala, ya sa aka fito da yarinyar kan tabarma, maza huɗu suna riƙe da ita. Ya zauna daidai kanta ya fara karatu.

Bai kai ƙarshen Ayatul Kursiyyu ba bayanta ya banƙare, mazan nan huɗu suka yi sama da ƙasa. Ta yi wani kuka da ya sa karnukan unguwa suka ɗauka. Dutse ya faɗo ya tarwatsa butar da ke gefen malam, bai ko dube ta ba. Ya ci gaba, a hankali, aya bayan aya, har kumfa mai jini ya fito mata a baki. Sai jikin ya saki. Wata murya ta fito daga ƙirjinta, ta tsoho, mai kauri, tana jan magana irin ta mutanen da.

"Ya isa haka, Malam. Ba arne kake ƙonawa ba."

"Wane ne kai?"

"Masu gidan sun san ni. Jatau suke ce mini. Kakan kakan wancan ya karɓi sandata da hannunsa ya nuna mini ɗaki."

"In kai Musulmi ne, me kake yi a jikin ɗiyar Musulmi?"

"Ina kwance a ɗakina, ban taɓa kowa ba. Ya yi sallama, ban amsa ba, ya hau kaina. Ƙarfe ya ratso rufi ya shige mini ido. Har yanzu yana ciki. A masauki aka yi mini haka, Malam, ba a daji ba. Ido aka ɗauka, ido zan ɗauka."

Goggo ta rarrafo ta kife kai a ƙasa.

"Ka dubi zaman da muka yi, Jatau. Shekara hamsin ina share maka ɗaki. Ka faɗi abin da kake so, rago ne, goro ne, za a kawo."

"Tashi, Tsahara, ba da ke nake ba. Rago zai gane mini hanya?"

Malam Iliassou ya ɗaga wa Goggo hannu.

"Ba a yanka wa kowa komai a nan. Kai kuma saurara. Ramuwa ba ta hawa kan kuskure."

"Kuskure? An gaya masa. Tambaye shi in ba a gaya masa ba."

Malam ya dubi Alhaji. Alhaji ya sunkuyar da kai.

"To, ko da gangan ne," in ji Malam, "yarinyar nan ba ta riƙe guduma ba. Ba a kama wani da laifin wani. Ka san wannan in dai ka taɓa zama gaban malami. Abin da kake yi zalunci ne, kuma Allah zai tambaye ka."

Inuwar mangwaro ta riga ta rufe rabin tabarmar. Bakin yarinyar ya motsa sau biyu ba sauti, sannan muryar ta dawo, a sanyaye.

"Ka yi gaskiya, Malam. Ka kayar da ni. Ba ita ba ce." Kan ya juya a hankali har idon da ya kumbura ya fuskanci Alhaji. "Ga mai guduma can. Ya hau da ƙafarsa ya zare ƙarfensa da hannunsa kafin a kira magariba. Ba zan jefe shi ba, ba zan taɓa tsani ba. Abin da ya same shi a sama, tsakanina da shi ne. In ya yi, na bar yarinya, na bar gidan, na koma inda na fito. Na rantse da Wanda ya halicce ni da ku."

Fuskar Malam ta canza. Ya gane inda hujjarsa ta kai su, kuma bai so ba.

"Alhaji, kada ka hau. Ka ba ni zuwa gobe, da iznin Allah zan fitar da shi ko yana so ko ba ya so."

"Za ka fitar da ni," in ji muryar. "Amma duk ayar da ta ƙone ni a jikinta take bi. Taɓa ƙirjinta ka ji."

Alhaji ne ya taɓa. Zuciyar tana bugawa kamar ta tsuntsun da aka kama a hannu, tana yi tana tsallakewa. Leɓɓanta sun tsage, wuyan hannunta yana wari. Ya duƙa ya daɗe yana kallon fuskar, ya sa gefen rigarsa ya goge mata kumfar baki. Sannan ya miƙe ya ɗauki sifana da guduma.

"Yahouza!" in ji Goggo.

"Goggo, kin hana ni ranar Talata ban ji ba. Yau kada ki hana ni."

Tsoro yake ji, kowa ya gani. Ya hau. Malam Iliassou ya miƙe tsaye ya ɗaga murya da karatu, karo na farko tun zuwansa. Daga ƙasa suna ganin bayan Alhaji ya duƙa a gindin sandar. Ƙusa ta farko ta fito, ya jefo ta. Ta biyu, ta uku. Ya sa bakin guduma a wuyan ta huɗu ya ja, ta ƙi. Ya kafa ƙafa ya ja da dukan ƙarfinsa, ya ce bismillahi da ƙarfi, sai ta fito da wani irin kuka, baƙin ruwa yana bin ta.

Ko ganye ba ya motsi a lokacin, iska babu ita. Faifan nan ya juyo a kan sandarsa da gudu kamar an mare shi, hannun ƙarfen da ke miƙe a gaban faifan ya sami Alhaji a fuska, ɓangaren hagu. Ƙarar da suka ji ba su manta ta ba har yau. Ya durƙusa, ya dafe wurin da hannu biyu, jini yana tsartowa ta tsakanin yatsunsa. Faifan ya gangaro ya faɗo tsakar gida ya lanƙwashe.

Asabarin ɗakin ƙurya ta ɗaga da kanta ta koma. Wani abu mai nauyi ya ratsa tsakar gida, suna jin takunsa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa ba sa ganin kowa, ya bi ta zaure ya fita. A kan tabarma Ramlatou ta yi atishawa sau uku, ta ce da muryarta, ƙasa-ƙasa, "Goggo, ruwa." Sannan ladan ya kira magariba.

A motar da ta kawo Malam aka kwashe su biyun zuwa asibiti a Parakou. Likita ya ce idon yarinyar zai warke, fata ce kawai ta tsage. Na uban kuwa babu abin da za a ceto, sai dai a wanke ramin a ɗinke. Kafin a shiga da shi ya kamo hannun Goggo da na Malam, ya sa suka yi masa alkawarin ba za a gaya wa yarinyar gaskiyar abin da ya faru ba, kuma ya ce a gaya wa maƙwabta su ma. Ramlatou ba ta tuna komai ba tun daga lokacin da take faɗin sittin. An ce mata zazzaɓi ne ya hau mata kai har ta ji wa kanta ciwo, shi kuma Baba ya zame ne a soro.

Kwana biyar bayan haka ta iya tashi. Ta lallaɓo ɗakin da yake kwance, hannuwanta biyu a naɗe, ta zauna bakin gadon ta ɓangaren hagunsa. Ta ga bandejin da ya rufe rabin fuskarsa, ta fashe da kuka, kukan kuma ya juye faɗa.

"Haba Baba! Don Allah dubi abin da ka yi wa kanka. Saboda tele? Masu gyara sun ƙare ne a Djougou? Kullum ana gaya maka, kullum kai ka fi kowa sani. Yanzu ga shi nan. Da ka mutu fa, wa ka bar mini?"

Goggo da ke zaune a gefe ta buɗe baki, Alhaji ya ɗaga mata yatsa ta rufe.

"Gaskiyarki, uwata," in ji shi. "Sakacina ne. Ƙara faɗa mini, na cancanta."

Tana ta faɗa tana share hawaye da bayan hannu. Ta zauna a inda ba ya ganinta, ba ta kuma sani ba. Sai ya dafa katifa, ya juyo da kansa gaba ɗaya a hankali, duk da zafin ɗinkin, har ya same ta. Idanunta biyu sun yi ja, ɗaya da ɗan tabo a fatarsa, dukansu suna zubar da hawaye, dukansu suna hararar sa. Ya kwanta a haka yana kallonsu, bai ce ta yi shiru ba.